Ban da Rumbu

Dutsen farko ya faɗo ne dab da magariba, Talatu na tsakiyar kwashe tuwo. Ya dira a cikin tukunyar miya, miyar kuka ta fantsame mata zane. Ta ɗaga kai ta dubi katanga, ta yi wa 'ya'yan maƙwabta zagin da ya dace da su, ta ci gaba da aikinta. Bazara ce, iska ta tsaya cak, kaji sun fara neman makwanci, hayaƙin murhu ya ƙi tashi sama sai yawo yake a tsakar gida. Na biyu ya faɗo kusa da ƙafarta. Ta sunkuya ta ɗauka don ta mayar wa mai shi, sai ta yar da shi da sauri tana yarfe hannu. Zafi gare shi kamar daga cikin garwashi aka zaro shi.

Ko da maigidanta Malam Mani ya dawo daga masallaci, duwatsu sun warwatsu a tsakar gida, mata da yara sun cure a ɗaki ɗaya. Malam Mani mutum ne da zuciyarsa ke kusa, duk Batsari an san shi da haka. Ya suri gora ya zagaya bayan gida, ya leƙa lungu, ya tashi maƙwabta da masifa, ya rantse sai ya karya hannun duk ɗan da ya kama. Bai kama kowa ba. Yana tsaye yana huci a tsakiyar gidansa wani dutsen ya sauko a hankali, ba irin saukar abin da aka jefa ba, ya zauna a gabansa kamar an ajiye da hannu.

Gidan a cike yake a wannan shekarar. Tun da 'yan bindiga suka hana mutanen Wagini barci, danginsa suka kwaso inasu-inasu suka taho wurinsa, zawarawa da marayu da tsofaffi, kowa da bakinsa. Abin da ke riƙe da su duka shi ne tsohon rumbun ƙasa da ke kusurwar gabas, wanda mahaifinsa Hamma ya gina. Ƙaton rumbu ne mai faɗin ciki, zaune bisa duwatsu, da jinkarsa a ka. Ƙwaro bai taɓa cin hatsin cikinsa ba, gara ba ta hawansa, ɓera ba ya kusantarsa. Malam Mani yakan bugi cikinsa da tafin hannu ya ce ginin mutanen da ke nan, ba irin shirmen magina na yanzu ba.

A inuwar rumbun nan 'yarsa ta fari, Fauziyya, take wuni. Ilimin kwamfuta ta karanta, tana yi wa wani kamfani na Kano aiki daga gida. Duk faɗin gidan babu inda sabis ke kamawa sosai sai nan, shi ya sa Malam Mani da kansa ya hau tsani ya kafa dogon ƙarfe a wuyan rumbun, aka ɗaura eriya a samansa. Ba ya kiran sunanta, Injiniya yake ce mata, kuma in ya faɗa sai ya duba ko akwai baƙon da ya ji.

Kamfanin na adana wa asibitoci takardun marasa lafiya ne a abin da suke kira kilawud, wato manyan kwamfutocin wasu mutane a wata ƙasa, da ake haya a zuba ajiya. Aikin Fauziyya gadi ne. Ita ke rubuta dokokin tsaro da ke tare duk abin da zai shiga ko ya fita, a bincika shi, in bai da izini a hana shi wucewa. Ta rubuta doka cewa kada takardar mara lafiya ko ɗaya ta fita sai an duba ta. Dokar ta hau kan imel, ta hau kan masu shiga shafukan intanet, ta hau kan kowa. Amma zirga-zirgar da ke tsakanin ma'aikata da ma'ajiyar fayil, inda ainihin dukiyar take, ko a jikinta. Fauziyya takan ƙirƙiri fayil na gwaji, ta cika shi da sunayen ƙarya, ta tura shi waje tana jiran a tare shi. Sai ya wuce sumul, ko alamar an gan shi babu.

"Ki ƙara wata dokar a kai," in ji ogan nata Armaya'u ta waya. Kullum amsarsa ke nan.

"Na ƙara, ranka ya daɗe. Na canza jerinsu, na sa ta farko a ƙarshe, na goge na sake rubutawa. Ba ƙarfi dokar ta rasa ba. Fayilolin nan ba sa bi ta gabanta ne kwata-kwata."

"To ki ƙara mai tsanani. Asibitocin nan in suka ji labari mun shiga uku."

Takan kashe wayar ta yi tsaki mai tsawo, ta jingina bayanta da cikin rumbun.

Abin da Armaya'u ke yi a Kano, shi Malam Mani ke yi a Batsari. Jifa ba ta tsaya ba, kullum rana ta yi ja sai ta fara, don haka ya shiga ɗauko malamai. Wannan ya zo ya tofe ƙofar gida, wancan ya binne laya a zaure, wani ya yayyafa ruwan rubutu a jikin katanga, wani ya turara ɗakuna har yara suka yi ta tari. Kowane malami Malam Mani ne ke shige masa gaba ya zagaya da shi gidan. Kowane ya karɓi sadakarsa ya ce an gama. Washegari duwatsun su dawo, har da ƙari. Daga baya aka fara jin daka da tsakar rana, lugude sosai na mutum biyu, alhali turmin gidan na kife a gindin bango. Wata tsohuwa cikin 'yan Wagini ta ce ta ji ana ƙirga dami da muryar namiji, ta tattara tabarmarta ta koma zaure.

Ni abin da ke ba ni haushi a labarin nan shi ne, kowa na kallon sama inda duwatsu ke fitowa, babu mai kallon yarinyar. Ta rame, idanunta sun faɗa, ta daina cin abinci sai shayi. Mai haƙuri ce a da, amma yanzu ko ƙanwarta ta taɓa mata waya sai ta hau ta da faɗa. Aka ce wahalar aiki ce. Uwarta kaɗai ta lura cewa in Fauziyya ta jingina da rumbun nan, kanta kan karkata gefe kamar mai sauraron wanda ke mata raɗa.

Ranar da abin ya fito fili, ana kiran sallar magariba ne, duhu ya fara taruwa a kusurwoyi. Talatu ta je kiranta ta shigo ɗaki. Ta same ta zaune, batirin kwamfutar ya mutu tuntuni, fuskar na'urar baƙa ƙirin, amma yatsunta na ta bugawa da sauri ba ƙaƙƙautawa.

"Ke, tashi ki shiga ciki, almuru ta yi."

Yatsun suka tsaya. Fauziyya ta juyo a hankali. Idanunta a buɗe suke amma babu ita a cikinsu, kuma muryar da ta fito daga bakinta ta wani tsoho ce, mai kauri, mai gargada kamar ana jan turmi a ƙasa.

"Ku yi ta ƙarawa," in ji muryar. "Ba ta hau kaina ba."

Talatu ta ƙwalla ƙara. Sai da maza suka taru kafin a iya ɗaga yarinyar da ba ta kai nauyin buhun gero ba.

Daga ranar gidan ya zama gidan makoki ba gawa. Da safe takan dawo hayyacinta, a galabaice, ta sha ruwa ta yi sallah. Rana na karkatawa sai jikinta ya sanƙare, muryar nan ta dawo tana dariya tana zagin malaman da aka kawo, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu. Kullum lokacin da take samun kanta raguwa yake. Talatu ta ga in aka ci gaba a haka, wata safiya za ta zo da 'yarta ba za ta dawo ba sam. Ta saka mayafi, ba ta nemi izinin kowa ba, ta hau mota zuwa Safana ta ɗauko Malam Nurain.

Malam Nurain dattijo ne siriri, mai ƙarancin magana, wanda ya yi karatu mai zurfi kuma ba ya binne komai a ƙasa. Ya iso da hantsi a bayan babur, da ƙullin ganyen magarya a hannu. Suka gaisa da maigida, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gajiya da iyali da zafi da mai jiki. Malam Mani na ta nuna masa inda duwatsu ke sauka, shi kuwa ya ce a fara kai shi wurin yarinyar tun tana iya magana.

Ya zauna daga bakin ƙofa, uwarta na riƙe da ita. Bai fara da karatu ba. Ya tambaye ta me take yi lokacin da abin ya same ta, ta ce aiki. Ya ce wane irin aiki. Ta yi masa bayani a taƙaice don ta ɗauka ba zai gane ba, sai ta ga ya gyara zama.

"To 'yata, a sana'arku, in doka ta hau kan kowa ta ƙi hawa kan abu ɗaya, me ke jawo haka?"

"Abu biyu ne, Malam," ta ce da ƙyar. "Ko dai abin yana da wata hanya tasa da ba ta bi ta wurin mai gadi, ko kuma wani wanda ya fi ni iko ya taɓa keɓe shi, ya ce ban da wannan. In haka ne, ko doka dubu na rubuta a ƙasa, maganarsa ce a sama."

"Kin nemi keɓewar?"

"Inda aka ba ni izinin gani babu ita. Na roƙi a buɗe mini sama in duba, ogana ya ce ba matsayina ba ne."

Malam Nurain ya miƙe ya fito tsakar gida, ya kira maigidan.

"Malaman da suka zo kafin ni, wa ya zagaya da su?"

"Ni mana. Wa zai zagaya da su in ba ni ba?"

"Zagaya da ni yadda ka yi da su. Kada ka canza komai."

Malam Mani ya yi gaba yana gunaguni, malamin na biye. Suka fara daga zaure, suka bi jikin katangar kudu, suka wuce turken awaki, suka wuce madafa. Da suka doshi kusurwar gabas, ƙafafun Malam Mani suka bar jikin katanga da kansu, suka yanko ta gaban rumbu, suka sake kama katanga daga arewa. Rumbun da kusurwarsa suka rage a waje. Bai ma san ya yi ba, yana ta bayanin tsadar siminti.

"Tsaya," in ji Malam Nurain. "Me ya sa ba mu bi ta bayan rumbu ba?"

Malam Mani ya waiwaya, ya dubi sawunsa a ƙasa. Fuskarsa ta canza.

"Ai ba a karatu a rumbu," ya ce. "Haka Baba ya ce tun muna yara. Ko bisimilla ba ma yi in za mu ɗebi hatsi, sai mun sauko."

"Ka taɓa tambayarsa dalili?"

"Ana tambayar Hamma dalili?"

Talatu na tsaye a ƙofar ɗaki tana ji. Kallon da ta yi wa mijinta ya ishi mai hankali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ga shi kuwa tsagar nan maigida ne ke zagaye ta da ƙafarsa, shekara da shekaru, yana biyan malamai su tofe inda ba ta.

Bayan la'asar Malam Nurain ya sa aka shimfiɗa tabarma a gaban rumbun, aka fito da Fauziyya. Ya daka magarya ya zuba a ƙwarya, ya kori yara da 'yan kallo, ya bar uwa da uba kawai. Rana ta yi ƙasa, inuwar rumbun ta miƙe ta rufe su. Gari ya yi tsit, ko kukan akuya babu. Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa, Fatiha, sannan farkon Baƙara, ba ya gaggawa. Da ya kai Ayatul Kursiyyu ya juya fuskarsa, ba ga yarinyar ba, ga rumbun.

Jikin Fauziyya ya banƙare. Jinkar rumbun ta girgiza, ƙura ta zubo.

"Kai, ɗan Safana!" muryar ta daka masa tsawa. "Juya bakinka! Nan ba hurumin karatu ba ne!"

"Wa ya ce?"

"Mai gidan ya ce."

"Wane ne kai, kuma me ya haɗa ka da mai gidan?"

"Sunana ba abincinka ba ne. Ni ne mai tsaron rumbun Hamma." Idanun yarinyar suka juya kan Malam Mani, cike da ƙiyayyar da ba tata ba. "Shekarar yunwa ubanka ya zauna a nan yana kuka kamar mace, ƙwari sun cinye masa dawa. Na ce zan tsare masa, shi da zuriyarsa. Ya ce me zai ba ni. Na ce wuri. Ya ɗora hannu a nan ya ce, duk abin da za a karanta a gidan nan, ban da rumbu. Na cika alkawari ko ban cika ba? Ka taɓa ganin ƙwaro ɗaya? Kai da ka yi ƙiba da hatsina, sai ka hau tsani ka soka mini ƙarfe a wuya! Dare da rana maganganun baƙi na ratsa kaina, ciwon wannan, cutar wancan, mutanen da ban sani ba. Na yi jifa ku gane, kuka ɗauko mini masu tofi. To na ɗauki wadda ta fi kusa."

"Ita ba ta yi alkawari da kai ba," in ji Malam Nurain. "Zalunci ka yi. Fita."

Ya ci gaba da karatu, ya yayyafa ruwan magarya. Muryar ta yi kururuwa har awaki suka tsinke igiya, amma da ya tsagaita sai ta koma dariya.

"Kana ƙona ni, ban musa ba. In na ji wuya in koma gidana in huta, gobe in dawo. Maganarka ba ta hau ta Hamma ba. Kai baƙo ne."

Malam Nurain ya san gaskiya ya faɗa. Ya juya ga Malam Mani ya ce, "Maganar mai gida, magajinsa ne kaɗai ke warware ta. Ka ɗora hannunka inda mahaifinka ya ɗora, ka ce ka janye, ka yi bisimilla. Sauran aikin nawa ne, da izinin Allah."

"Dakata, ɗan Hamma," in ji muryar, ta yi laushi kamar ta mai talla. "In ka janye, zan tafi, amma da tsarona zan tafi, na bana da na shekarun baya. Duk ƙwaron da na kora yana nan yana jira. Ba za ka sami abin da za ka jiƙa wa jariri ba, ga damina ba ta sauka ba, ga gonakinku na Wagini ba sa shiguwa. Ko kuwa mu yi ta sauƙi. Ka zare ƙarfenka, ka bar maganar ubanka yadda take, in sake ta."

"Ka sake ta har abada?" in ji malamin.

"In sake ta yau."

"Gobe fa?"

"Ƙofata ce, in na ga dama in bi. Yarinyar tana da daɗin zama."

Nan fa aka zuba wa Malam Mani ido. Mutumin da bakinsa ba ya mutuwa, wanda ke yi wa limami gardama a kan ganin wata, ya yi shiru. Ya dubi rumbun, ya dubi ɗakunan da 'yan Wagini ke leƙowa ta labule, ya sake duban rumbun. Ba zan ce nauyin da ke kansa ƙarami ba ne, bakunan da yake ciyarwa da yawa suke, kuma yunwa ba wasa ba ce. Amma 'yarsa na kwance a gabansa, kumfa na fita ta gefen bakinta, jijiyoyin wuyanta kamar za su tsinke, shi kuwa yana auna abu a zuci. Shirun ya yi tsawo har aka fara kiran magariba a masallacin unguwa. Da ya buɗe baki kuma, da ma bai buɗe ba.

"Malam," ya ce a hankali, "in aka zare ƙarfen, aka kuma hana ta zuwa wajen nan, ba zai yiwu a..."

"Mani!"

Talatu ce. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, kamar yadda ba ta taɓa kama sunan 'yar farinta ba. Ranar ta kira duka biyun.

"Fauziyya ce a kwance! Fauziyya! Ciniki kake yi? Gero kake aunawa da ita? Wallahi in ba ka ɗora hannun nan ba, ni zan cinna wa rumbun wuta da hannuna, in ya so ku taru ku ci tokar, kai da shi!"

Malam Mani ya miƙe kamar wanda aka mara. Ya taka zuwa rumbun, ya ɗora tafinsa a cikinsa inda ya saba bugawa yana yabo.

"Na janye maganar Hamma," ya ce. "Babu inda aka keɓe a gidan nan. Bismillahir Rahmanir Rahim."

Malam Nurain ya ɗaga murya a karon farko. Ya tashi tsaye yana karatu, ya zagaya ta bayan rumbun, ta cikin kusurwar nan da ƙafar mai karatu ba ta taɓa takawa ba, yana watsa ruwan magarya. Muryar ta yi zagi, ta yi barazana, ta koma magiya, ta ce a bar mata ko da gindin dutse ɗaya. Ya ce ko ƙwayar gero. Ya sa ta rantse ba za ta dawo ba, ta rantse tana cizon haƙora. Sai ƙafar hagu ta yarinyar ta miƙe, babban yatsan ya karkaɗa, ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki gaba ɗaya a hannun uwarta.

A cikin rumbun kuwa wani sauti ya tashi, siriri, mai yawa, kamar yayyafi a kan kwano. Ya daɗe yana yi kafin ya lafa.

Da safe aka ɗaga jinka. Malam Mani ya zura hannu har kafaɗa ya damƙo, abin da ya fito gari ne mai toka-toka da ƙwari na motsi a ciki. Daga sama har ƙasa haka yake. Matan Wagini suka yi salati, wasu suka fashe da kuka. Ya sauko daga tsani bai yi wa kowa faɗa ba, ya kwance awakinsa ya nufi kasuwa.

Fauziyya ta warke. Ta ci abinci, ta yi barci, kumatunta suka fara dawowa. Da ta sami ƙarfin zama, ta ɗauki waya ta kira Armaya'u, ba ta bari ya gama sannu da jiki ba.

"Ranka ya daɗe, ko a buɗe mini saitin sama na kamfani gaba ɗaya in duba, ko a nemi wani ya yi gadin."

Aka buɗe. Ba ta daɗe tana nema ba ta gan shi. Wani ma'aikaci da ya bar kamfanin tun kafin a ɗauke ta ya keɓe hanyar ma'ajiya daga bincike, saboda hotunan asibiti manya ne, binciken na sa su jinkirin hawa. Ya rubuta a gefe cewa na wucin gadi ne. Armaya'u ya fara cewa ai in aka cire, aiki zai yi nauyi, likitoci za su yi ƙorafi, ko za a ɗan jira tukuna. Ta ce ta riga ta cire. Ta tura fayil ɗinta na gwaji, aka tare shi a ƙofa. Ta zauna tana kallon saƙon da ta yi makonni tana nema, ko murmushi ba ta yi ba.

Da yammacin ranar Malam Mani ya zo ƙofar ɗakinta ya yi sallama, abin da bai saba ba. Ya ga akwatinta a buɗe, tana ninke kaya.

"Injiniya, ina zuwa kuma?"

Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, gaisuwa cikakkiya, babu abin da ta rage. Ta ce ofis sun ba ta wuri a Kano, daga can za ta riƙa aiki, kuma duk wata za ta aiko da abin da za a sayi hatsi har damina ta yi.

"Ai gidan ya yi lafiya yanzu," ya ce. "Ki zauna. Ke ba ki san wahalar da aka sha a kanki ba, ba kya cikin hayyacinki. Da bakina na kore shi, tambayi uwarki."

Fauziyya ta ɗago ta dube shi. Idanunta ne, nata na gaske, kuma sun cika da hawaye.

"Na sani, Baba, Allah ya saka da alheri. Amma bakina ya karɓe, bai karɓe kunnena ba. Ina ciki ina kiranka, ina jin komai. Na ji tsawon shirun da ka yi, na kuma ji abin da ka fara tambayar Malam."

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ninke kayanta.